Lakar da Na Liƙa a Ƙasan Akwatin Gashi

A yau idan akwatin gasa burodi ya ƙi yin zafi, ba wanda ke ɓata ransa. A jijjiga waya, a gwada wani soket, in ya ƙi a tura shi bayan ƙofa a sayo sabo. A Tambuwal ta ƙuruciyata guda ɗaya na sani a duk unguwarmu, kuma ba na lantarki ba ne, don a lokacin labarin lantarki kawai muke ji. Ranar da ya ƙi zafi, komai na gidanmu ya tsaya. Talata ce, saura kwana huɗu a yi bikin samun 'yancin kai. An yanke gero, dawa na tsaye tana jiran lokacinta, ni kuma ina da shekara goma sha ɗaya. Da hantsi mahaifiyata ta durƙusa a ƙofar madafa ta zuba wa ƙofar akwatin ido, ni ina bayanta riƙe da kwalbar kananzir, kuma a duk gidan ni kaɗai na san abin da ya same shi.

Akwati ne na baƙin kwano, faɗinsa bai wuce kamu ɗaya da rabi ba. Yana da ƙofa mai ɗan gilashi, a jikinta akwai wani abu kamar agogo mai allura ɗaya, wadda ke hawa idan ciki ya ɗauki zafi. Ba shi da wutar kansa. A kan risho mai famfo ake ɗora shi, zafin ya shiga ta ƙasa. Babana malamin asibiti ne a ƙaramin ɗakin shan magani na garin, kuma ya zo da akwatin ne daga Sakkwato inda ya yi koyon aiki. Wata baturiya ma'aikaciyar jinya ce ta bar masa da za ta koma ƙasarsu, ita ce kuma ta koya masa kwaɓin. Kowace Juma'a bayan masallaci yakan naɗe hannun riga ya kwaɓa garin alkama da tsamin da ke sa kwaɓi ya tashi, wanda yake ajiyewa a wata kwalba mai faɗin baki. Abokaina na makaranta kan bi ƙamshin har zaure, su yi ta wasan langa a ƙofar gida kamar ba abin da ya kawo su, sai an miƙo musu ɓawon gefe sannan kowa ya tuna ana nemansa a gida.

A tsakiyar daminar shekarar ciwon shawara ya kwantar da Baba. Idanunsa suka yi ɗorawa, jikinsa ya zube, aka fito masa da gado ƙarƙashin rumfar tsakar gida don ɗaki na yi masa zafi. Duk abin da ya ci sai ya dawo. Tuwo ya dawo, fura ta dawo, kunun da aka dama ruwa-ruwa ma bai zauna ba. Abu ɗaya cikinsa ke karɓa: burodin nan, a yanka shi siriri, a mayar cikin akwati ya bushe ƙarau, ya jiƙa a shayi marar madara. Yanka biyu da safe, biyu da la'asar. A kan wannan yake raye, kuma Inna ce ta karɓi gashin daga hannunsa.

Ni ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana son na ɗebo ruwa ko na kai wa akuyoyi harawa, ƙanwata Jummai take gaya wa, ko da ina tsaye a gabanta. Haka na ji ta tana cewa, "Jummai, motar Sakkwato ba ta zo ba, hanya ta yanke. Kananzir ɗin ga ba shi kai mu kwana fuɗu." Ta ɗaga kwalbar tana duba ta a hasken rana. Maganar ta zauna mini. Ina share garke ina tunaninta, ina maci a filin makaranta inda malamai ke shirya mu don biki ina tunaninta, har malam ya ɗana mini tsumagiya don na juya hagu kowa ya juya dama.

Dabarar daga Kebbe na zo da ita. Can ne garin su Inna, kuma kakata maginiyar tukwane ce. Duk hutu ina wurinta ina taka mata laka. Na sha ganin yadda take bin matoya, wurin gasa tukwanenta, tana liƙe duk kafar da hayaƙi ke fita, tana cewa zafin da ya tsere asarar itace ne. Na san haɗinta sarai: jar laka, busasshen kashin jaki, da ɗan ƙaiƙayi. Ran Litinin da azahar matan gidan suka tafi suna a maƙwabta, Baba na barci. Na ɗauki akwatin na kai bayan rumbu na kifa shi. A ƙasansa akwai wani farantin ƙarfe da ake zarewa. Da na zare sai na ga ramuka jere a kewaye, kowanne kamar girman ɗan yatsa. Na ce ashe ga inda kananzir ɗinmu ke tsiyayewa. Na toshe su ɗaya bayan ɗaya, na shafe bayan farantin da laka mai kauri, na shanya a rana, na mayar da komai yadda yake. Ina wanke hannu ina jin daɗi. Na riga na shirya yadda zan yi shiru har sai Baba ya tambayi wanda ya yi wannan hikima.

To, ga mu ran Talata. Inna ta kunna risho ya kama da shuɗiyar wuta mai gurnani kamar kullum. Tana ɗora akwatin sai wutar ta koma ja, ta fara lilo tana baƙin hayaƙi. Allurar ta ɗan motsa ta tsaya. Muka jira har inuwa ta bar ƙofar madafa. Kwaɓin da ya tashi kyakkyawa ya koma ya kwanta fari fat, gindinsa kawai ya ɗan ƙone, kuma rabin kananzir ɗin ya tafi.

Daga kan gado Baba ya karɓi aikin. Muryarsa ta yi ƙasa, sai na durƙusa kusa nake jinsa. Shi Sanda yake kirana, don sunana Ummaru. Ya ce, "Sanda, ba a gyara da gaggawa. Daga wuta aka farawa, a bi abu ɗaya-ɗaya." Ya sa na ɗauko siririn tsinken ƙarfe na soke hancin risho ko ya toshe. Ya sa na tace kananzir da tsumma ko ruwa ya shiga. Ya sa na kwance famfo na fito da 'yar fatar da ke bakinsa, na jiƙa ta a man gyaɗa har ta yi laushi. Washegari ya sa na saka takarda a bakin ƙofar akwatin na rufe na ja, a gani ko ƙofar ta saki. Ba ta saki ba. Ya sa na sa hannu ciki ko allurar ce ke ƙarya. Ba ƙarya take ba, ciki ɗumi-ɗumi ne kamar ruwan wankan jariri. Duk abin da ya ce na yi, na yi shi da kyau, ina sane ba nan matsalar take ba. Da lafiyarsa ƙalau, da ya ɗaga akwatin sau ɗaya ya ji nauyinsa ya canza. Amma zazzaɓi na ɗauke shi a tsakiyar magana, ya farka ya tambaye ni inda muka tsaya.

Na sha tambayar kaina me ya hana ni faɗa tun ranar farko. Baba bai taɓa dukana ba. Ran Talata kunya ce, na ce bari na gyara a ɓoye. Ran Laraba Gwaggo, yayar Baba, ta zo daga Dogon Daji duba shi, ta ji labari, ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Ai na sani. An ɗauki kayan Turawa an dirje da toka da ruwa awa tukunyar miya. Wanda bai san abu ba shi bar shi mana." Inna ba ta ɗago kai ba, ta ci gaba da tsince shinkafa. Daga nan maganar ta yi mini nauyi, don yanzu in na faɗa, sai an tambaye ni me ya sa na bari aka zagi uwata ina tsaye. Ran Alhamis na sami akwatin shi kaɗai, na kifa shi na sa ƙusa. Farantin ya ƙi zaruwa. Wutar da aka yi ta kunnawa ta toye lakar ta zama ja, ta kama ƙarfen kamar tare aka ƙera su. Haɗin Kaka ba ya saki.

Inna ta gwada gasawa a tukunya da yashi a kan garwashi. Burodin ya nuna, amma ya ɗauki warin hayaƙi, Baba ya ci loma biyu ya amayar. Tun daga Talata shayi kawai ke shiga cikinsa.

Ran Asabar aka yi biki. Aka ba kowane ɗan makaranta 'yar tuta mai launin kore da fari a jikin tsinke, muka yi maci, muka ci shinkafa da nama a filin makaranta, manyan gari na zaune a inuwa. Abokaina na ta tsere da kokawa, ni na koma gefe na zauna. Da na dawo Baba ya ce na nuna masa tutar. Ya juya ta a hannunsa, ya soke ta a jikin zanar rumfa inda zai riƙa ganinta. Sannan ya ce maƙeran garin nan fartanya da gatari suka sani, in aka kai musu akwatin guduma za su sa masa. Gobe akwai fatake masu komawa Kebbe, na bi su na kai wa Kawu Hamidu, ƙanin Inna, wanda ke ƙera fitilu da mazurari da gwangwani. "Kai ka san duk abin da muka gwada. Ka hwaɗa mishi, kada shi ɓata lokaci." Ya ɗora tafinsa a kaina, yana da zafi kuma ba nauyi. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "To, Baba."

Yini biyu muka yi a hanya, akwatin naɗe cikin buhu a bayan jaki, rishon a hannuna. Muka bi ta gonakin dawa da ta fi mutum tsawo, yara a kan dakali suna kaɗa gwangwani suna korar tsuntsaye. Gulbin da ke hanya bai janye ba, sai da aka sauke kaya aka haye da su a ka. Wani bafatake ya ɗauki buhun ya ce, "Kai yaro, duwatsu ka zubo ciki?" Kowa ya yi dariya.

Kawu Hamidu na zaune a rumfarsa cikin tarin gwangwanaye. Ya tambayi jikin Baba, ya saurari duk abin da muka gwada bai katse ni ba. Ya kunna rishon, ya ɗora akwatin, ya zauna yana kallon wutar tana komawa ja. Ya tsinci gashin kaza a ƙasa ya riƙe a bakin wasu 'yan ramuka da ke saman akwatin ta baya. Gashin bai motsa ba. Ya ce, "Abin ga ba shi numfashi. Wuta iska taka ci. In ba ta da inda za ta wuce, ba ta shiga." Ya kashe, ya jira ya huce, ya kifa shi ya ƙwanƙwasa ƙasan da ɗan yatsa. Ƙarar tukunya ta fito, ba ta ƙarfe ba. Ya sa kurfi, ɗan ƙarfensa mai kaifin baki, a hankali ya ɓamɓare farantin, jar laka ta zubo a kan tabarma. Ya ɗauki ɓari ɗaya ya murƙushe a tafinsa, ya ga sawun ƙaiƙayi a ciki, ya sunsuna.

"Wanga haɗin tsohuwarmu ne," in ji shi. "Ita ko bana ba ta taka Tambuwal ba."

Bai dube ni ba sai da ya gama maganar. Na fashe da kuka, na gaya masa komai, har da kwalbar kananzir da maganar Gwaggo. Bai yi faɗa ba. Ya miƙo mini waya ya ce wanda ya toshe shi zai buɗe. Na zauna ina sokar ramukan ɗaya-ɗaya har yatsuna suka yi jini, shi yana daidaita farantin da ya lanƙwashe. Da muka sake kunnawa wutar ta tsaya shuɗiya, gashin kazar ya tashi daga hannunsa, allurar ta hau tana ta hawa. Aikin da ya hana Baba abinci kwana bakwai bai ɗauke mu daga azahar zuwa la'asar ba. Kawu ya ce, "Ni ba ni aika kowa da maganar ga. Kai za ka gaya mishi da bakinka, tun ba a sauke kaya daga kan jaki ba."

A hanyar dawowa na yi ta jera kalmomin. Na gwada su a kan jakin, na gwada su a kan gulbi. Na yanke cewa ba zan fara da kananzir ba, don kada ya zama kamar ina neman uzuri. Zan durƙusa in ce, Baba, ni ne.

Muka shiga gari ran Laraba da la'asar. Na wuce zaure da gudu. An ɗauke gadon daga ƙarƙashin rumfa, an share wurin, sawun ƙafafunsa huɗu na nan a ƙasa. Tutar na soke a zana. Jummai ce ta gaya mini: motar Sakkwato ta samu wucewa ran Litinin, jikin Baba ya tsananta, abokan aikinsa suka sa shi a ciki zuwa babban asibiti. Motar ce ma ta kawo kananzir.

Inna na zaune a ƙofar ɗakinta, Gwaggo na gefe. Inna ta dubi Jummai ta ce, "Gaya wa wancan, ubansa ya bar mishi saƙo. Da safen da suka tafi ya farka ya ce ya tuna. Ya ce a ƙasa akwai ramukan iska, ya manta bai sa an duba ba. Ya ce a ce wa Sanda shi yi haƙuri, ya sa shi doguwar tafiya a banza."

Na durƙusa a inda gadon yake na faɗi kalmomin da na shirya, duka, ga waɗanda ba su na shirya wa ba. Gwaggo ta kama baki, can ta tashi ta shiga ɗaki. Inna ta juya wajen Jummai. Sannan ta ce, "Jummai, ce mishi shi wanke ƙafa, akwai tuwo a rufe." Ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya.

Ran Asabar ɗan aike ya zo. Baba ya rasu, an yi masa sutura a can Sakkwato. Burodin farko da akwatin ya gasa bayan gyara na sadakar uku ne. Ya tashi, ya yi ja, ƙamshinsa ya cika unguwa, yara suka taru a ƙofar gida amma ba wanda ya yi langa. Ni na kunna rishon, ni na zauna ina kallon allurar tana hawa.

Da na girma na tambayi likitoci, ba ɗaya ba, kuma kowannensu ya ce irin wannan ciwon in ya kai inda ya kai, yanka huɗu na burodi ba za su tsayar da shi ba. Na yarda da su. Amma ba su ce komai a kan kwana ukun da na yi a hanyar Kebbe ba, waɗanda suka raba ni da gindin gadonsa. Aiki ya kai ni ƙasashe da dama. Na tsaya a gaban tanderun masu gurasa a Omdurman, na leƙa gidajen burodin Yamai da na Ankara, na ga na matan ƙauye a Indiya da ake liƙa kwaɓi a bangonsa. Kowace al'umma da sunan da take kiran abin, amma duk inda na je idona ƙasa yake fara zuwa, kuma ban taɓa rasa 'yar kafar da aka bari don iska ba. Matoyar Kaka ma tana da ita. Ni ne ban lura ba, don ina kallon inda take liƙewa ne kawai.

Bara jikata ta kawo mini akwatin gashinta na lantarki, fari mai ƙyalli, wai fitilarsa na kamawa amma ba ya zafi. Na sa tabarau na kwance bayansa, na bi abu ɗaya-ɗaya daga waya zuwa ciki, na sami ƙarfen da ke yin ja ya tsinke. Mai gyara ya ce sabo ya fi sauƙi, ita ma ta ce haka, kuma ba su yi ƙarya ba. Na dai sa an nemo ƙarfen an saka. Da ta zo ɗauka ta tsaya tana murza gefen mayafi, ta ce ita ce ta zuba masa ruwa tana wankewa. Na ce ta yi kyau da ta faɗa, kuma ta faɗa da wuri. Ta yi dariya, ba ta san abin da nake nufi ba.

Akwatin Baba ya yi wa Inna aiki shekaru masu yawa kafin tsatsa ta cinye ƙasansa. Yanzu akwai lantarki a Tambuwal, akwai burodi a kowane teburin mai shayi, kuma babur na kai mutum Kebbe ya dawo da shi kafin azahar. Ranar da na tafi da akwatin ina da uba. Ranar da na dawo da shi a gyare ba ni da wanda zan gaya wa, kuma ban sake samu ba.